Abin da na ɗauko daga shagon maigidana

Maigidan da na bar shagonsa a wannan watan ya iya wayarin, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Rubutu ne bai yarda da shi ba. A ganinsa, miƙa wa babban mutum takarda rashin kunya ne. Sai a tsaya a bakin gini a yi ciniki da baki, a karɓi kafin alƙalami, shi ke nan.

Wani gidan bene da muka kama a 2023 ne ya fi tsaya mini a rai. An yi cinikin kafin gwamnati ta saki darajar naira a hannun kasuwa a watan Yuni. Muka gama sa fayif ɗin da waya ke bi a cikin bango, muka jira magina su gama filasta. Da muka koma kasuwar kayan wuta ta France Road a Kano sayen waya, kuɗin naɗin waya mai kaurin 2.5 ya riga ya wuce wanda aka yi lissafi da shi. Ana cikin haka Hajiya, matar mai ginin, ta zo duba gida: a ƙara soket a kicin, a sa hita a banɗakuna, esi a kowane ɗaki. Kowa a sana'ar nan ya san esi da hita kowanne layinsa daban, da waya mai kauri, ga fasa bangon da aka riga aka shafe. Babu wanda ya rubuta ko ɗaya.

Ranar biyan ciko Alhaji mai ginin ya ce, "Injiniya, ai jimla muka yi." Ban ga laifinsa ba, abin da aka gaya masa ke nan. Maigida bai iya ɗaga masa murya ba, sai ya dawo kanmu mu yara ya cike giɓin daga kuɗin hannunmu, wai mun yi ɓarnar waya. Mu da muka wuni kan tsani. Na yafe, amma har yau bai ce ya zalunce mu ba.

Don haka yanzu ni ina rubuta ciniki, kuma a takardata kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Waya kuma a faɗi kaurinta da kamfaninta, Coleman ce ko Cutix, don kada gobe a ce ka karɓi kuɗin mai kyau ka sa jabu. Ina rubuta yawan soket da makunni da fanka ɗaki bayan ɗaki, da ranar da farashin zai daina aiki. Duk ƙarin da aka nema, ko da Hajiya ce ta faɗa a tsaye, ba na taɓa guduma sai mai gini ya amince da kuɗinsa a WhatsApp.

Biya kashi uku: bayan fayif, bayan jan waya, bayan an gwada wuta. In aikin kamfani ne, a fito da harajin VAT na kashi 7.5 a layinsa tun farko. Yaran da zan ɗauka kuma, nasu kuɗin a rubuce yake kafin su hau tsani, ko mai gini ya biya ko bai biya ba.