Wasiƙa daga Landan: ranar da na shiga majami'ar Yahudawa

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina wuni, ya iyali. Tun da na sa hoton majami'ar Yahudawa a status aka dame ni da tambaya, har Yaya ta kira ni tana salati wai me ya kai ni, to ga amsa gaba ɗaya, in na gama zan ba ku labarin kuɗin haya da na yi alkawari.

Abokin aikina ne ya gayyace ni Yom Kippur, babbar ranarsu ta neman gafara, a unguwar Golders Green, watan Oktoban 2024, su kuma a lissafinsu shekara ta 5785. Kafin ma in shiga na gaji wallahi. Sai da ya tura sunana tun kwanaki kafin ranar, na cike fom, a ƙofa masu gadi suka duba katina, suka buɗe jakata, suna tambayata wa ya gayyace ka, tun yaushe ka san shi, ina tsaye cikin iska hancina na yoyo kamar mai neman biza. Na ji haushi, amma dai kowa ya san me ya sa suke tsoro. Waya kuwa a kashe take a aljihu har dare, hoton ma washegari na ɗauka daga waje.

Azuminsu awa 25 ne, daga faɗuwar rana zuwa daren gobe, ba ci ba sha, ba wani sahur a tsakiya. Da yawa sun sa farare, ba takalmin fata, sai ka ga dattijo da kwat mai tsada da takalmin roba. Maza daban mata daban. Ni dai da hulata zanna na je, ba wanda ya ce in canza.

Ibrananci ba na ji, amma da rana wasu suka shimfiɗa takarda a ƙasa suka durƙusa har fuska ta kai ƙasa, sai da tsigar jikina ta tashi. Da la'asar kuma aka karanta labarin Annabi Yunus da kifi. Ibadarsu a ranar kashi biyar ce, sannan ranar 10 ga watansu take faɗowa, dole na tuna Ashura.

Abin da ya tsaya min shi ne, tun kafin ranar abokin aikin nan nawa ya zo tebur ɗina ya ce in yafe masa tsawar da ya yi min a watan Yuli, don a wajensu azumi ba ya goge haƙƙin wani sai ka je ka roƙe shi. Ya faɗi laifin da sunansa. Mu kuwa jajiberin Ramadan saƙo ɗaya muke turawa mutum ɗari a WhatsApp, "duk wanda na ɓata wa ya yafe", bashin ma ba a biya ba.

Da duhu ya yi aka busa ƙahon rago, kowa ya nufi shayi da kek. Maganar haya sai wani jiƙon, ta yi tsada dai. A gaida su Inna.