Abin da Sababbin Ɗalibai Suka Koya Mini a Tsakanin Kantocin Laburare

A shekarun farko na aikina a laburaren jami'a, duk lokacin da aka ɗauki sababbin ɗalibai ni ake ɗora wa yi musu bayani. Sai a tara su a babban zaure, in tsaya awa ɗaya da rabi ina lissafa musu abin da muke da shi: littattafai, mujallun bincike, kwamfutoci, da rumbunan intanet da jami'a ke biyan kuɗinsu. Su tafa, su watse, ni kuma in koma ofis ina ganin na sauke nauyi.

Wata yarinya 'yar aji ɗaya ce ta kawar mini da wannan tunanin. A mako na shida na zangon karatu na hango ta tsaye tsakanin kantoci da 'yar takarda a hannu. Na wuce, na kai wasu littattafai, na dawo, tana nan inda na bar ta. Da na matsa sai ta ce a hankali, "Malama, ina jin an ari littafin ne." Na karɓi takardar, an rubuta lambar littafin, 612.2. Ta nuna mini da yatsa: ga 612.1, daga shi sai 612.11, sai 612.12, babu 612.2 a tsakani. A lissafinta biyu tana zuwa kafin goma sha ɗaya. Na kama hannunta muka yi taku uku zuwa dama, ga littafin nan kwafi huɗu a jere. Na tambaye ta tun yaushe take nema. Ta ce ta kusa rabin awa, kuma wannan zuwanta na uku ke nan. Me ya hana ki tambaya? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai kun yi mana bayani ran nan, kada a ce ban saurara ba."

Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Bayanin da na yi don in buɗe mata ƙofa shi ne ya sa ta jin kunyar tambaya. Kuma abin da ya tsare ta bai fi bayanin minti biyu ba. Tsarin jera littattafai da muke bi, wanda Melvil Dewey ya fitar a 1876, ya kasa ilimi gida goma, daga 000 zuwa 999: 300 na ilimin zamantakewa, 500 na kimiyya, 600 na fasaha har da likitanci, 900 na tarihi da labarin ƙasa. Lambobin da ke bayan ɗigo ana karanta su ɗaya bayan ɗaya ne, shi ya sa 612.15 ke zuwa kafin 612.2. Wasu jami'o'in kuma tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka suke bi, mai farawa da haruffa: Q kimiyya, R likitanci, K shari'a. Duk na faɗi wannan a zaure. Amma ranar babu wanda aka ba aikin da zai sa shi neman littafi, don haka maganar ta shiga ta nan ta fita ta can.

Daga shekarar na nemi a canza tsari. Taron makon farko na rage shi zuwa minti ashirin, abu biyu kawai nake so su tafi da shi: inda teburina yake, da kuma cewa amsa tambaya ita ce aikin da ake biyana dominsa. Sauran na jinkirta shi sai malamai sun ba da aikin farko. A lokacin nake karɓar su rukuni-rukuni, mutum goma zuwa goma sha biyar, kowa da tambayar da malaminsa ya ba shi. Ba na taɓa kwamfutar. Ɗalibi ne zai buga kalmomin nema a katalog, wato jerin littattafan da ke laburaren, shi zai kwafi lambar, shi zai tashi ya ɗauko littafin ya ajiye a gabana. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma wanda ya ɗauko da hannunsa sau ɗaya ban taɓa ganin ya manta ba.

Sai dai samun littafi daban, sanin yadda za a ci moriyarsa daban. Nan ne na fi jin tausayinsu, domin mafi yawansu ba ragwaye ba ne. Wani saurayi ya zo mini bayan gwajin farko, idonsa ya yi ja, ya buɗe littafin rubutunsa. Kusan kowane layi ya sha alƙalami mai launi, rawaya da kore. Ya ce sau biyar ya karanta shi daga farko har ƙarshe, amma da ya zauna a ɗakin jarrabawa kansa ya zama fanko. Na rufe littafin na ɗora hannuna a kai, na ce ya gaya mini abu uku daga babin farko. Ya yi shiru. Yana gane shafin in ya gan shi, ya ɗauka ganewar nan ita ce sani.

Wannan ba laifinsa shi kaɗai ba ne, haka ƙwaƙwalwa take. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masanin halayyar ɗan Adam a Jamus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada ɗalibai da gajerun rubuce-rubuce: wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka rufe takarda suna rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa masu gwada kansu suka wuce su. Abin da na ɗora saurayin nan a kai ke nan. Ya ja layi a kowane shafi, gefen hagu siriri don tambayoyi, na dama don bayanin lakca, irin tsarin da Walter Pauk ya koyar a Jami'ar Cornell. Da yamma ya rufe dama, ya amsa tambayoyin hagu da baki, ya sake bayan kwana uku, sannan bayan mako. Ya yi ƙorafin hanyar tana da wahala, yana jin kamar bai iya komai ba. Na ce masa wahalar nan ita ce alamar karatun yana shiga.

Intanet kuwa, ba na hana kowa Wikipedia. Ina ce musu su fara daga nan, su gangara ƙasan shafi inda manazarta suke, su bi su. Ina nuna musu Google Scholar, shafin neman maƙalun bincike wanda ya fara aiki a 2004, da yadda ake latsa jerin waɗanda suka ambaci wata maƙala don a ga inda bincike ya kai bayanta, da DOAJ mai tattara mujallun da ake karantawa kyauta. Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Wata ɗaliba ta kawo mini manazarta biyar da manhaja ta ba ta, muka zauna tare muka nema, uku babu su a duniya. Sunayen marubutan sun yi kama da na gaske, shekarun ma haka. Ba ta yi niyyar yaudara ba, ba ta dai san na'ura na iya ƙaga abin da babu ba. Yanzu sharaɗina ɗaya ne: abin da ba ka buɗe da idonka ka karanta ba, kada ya shiga aikinka.

Haka batun satar rubutu. Da gargaɗi da barazanar kora nake farawa a da. Daga baya na lura yawancin sababbin ɗalibai sun taso ne ana yaba musu in sun maido da maganar malami kalma da kalma, sai ga shi rana ɗaya an ce wannan laifi ne. Yanzu sakin layi ɗaya nake ba su, su karanta, in karɓe takardar, su rubuta da kalmominsu, sannan su sa sunan mai maganar da shekara. Zotero kuma, manhajar kyauta mai adana manazarta, tun aikin farko nake sa su sauke ta.

Yarinyar 612.2 ta dawo a shekararta ta uku ta nemi shiga cikin tsofaffin ɗaliban da ke taya ni karɓar sababbi. Na lura ba ta zama a tebur. Kantoci take zagayawa, in ta ga wani ya tsaya da takarda a hannu fiye da minti biyu, sai ta matsa kusa ta ce, "Kawo lambar mu duba tare."