Jujin Darrasa da ya zama lambu, da sana'ata ta yawo da baƙi a Alƙahira

Karatu ne ya kawo ni Alƙahira, amma yau da yawo da baƙi nake cin abinci. Ina da bas ɗaya ƙirar Hiace, da direba Bamisire, da wani ƙanena ɗalibin Azhar da ke amsa waya idan ina kan hanya. Kamfanin ke nan kaf. Baƙina kuwa mutanenmu ne: wanda ya kawo mahaifiyarsa asibiti, iyayen da suka zo ganin ɗansu, ɗan kasuwar da kwana biyu suka rage masa kafin jirgi. Duk wanda ya sauka, maganarsa ta farko ita ce a kai shi dalar Fir'auna. Ina kai su Giza, su sha rana, su sha ciniki da masu raƙuma, su ɗauki hoto. Amma wurin da ke sa a dawo gida ana ba wasu lambata shi ne Lambun Azhar, wanda ke bakin titin Salah Salem, gabas da tsohon birni.

Sai ka zauna a garin nan kafin ka san darajar ciyawa. Ruwan saman da Alƙahira ke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 25 ba, abin da hadari ɗaya na Agusta zai zubar a Kano kafin a idar da sallar Isha'i. To ka ɗauki mutumin da ya yi mako uku tsakanin ɗakin jinya da otal, ka shigar da shi fili mai faɗin hekta 30, ga dabinai a jere, ga ruwa yana bin ƙananan magudanai, ga tafki. Ba ka buƙatar yi masa dogon bayani.

Bayanin ma na koyi lokacin yin sa. Wata Hajiya da na kai a farkon sana'ata, ta shimfiɗa darduma ta zauna, sai ni da rawar kai na ce, "Hajiya, kin san nan juji ne na shekara ɗari biyar?" Zumbur ta miƙe tana kakkaɓe zani. "Ɗan nan, a bola ka zaunar da ni?" Da ƙyar na lallashe ta. Tun daga ranar, sai baƙo ya sha shayi ya huta nake fara labari.

Kuma gaskiya na faɗa mata. Tudun Darrasa shara ce da ɓaraguzan gini da mutanen birni suka yi ta zubarwa a bayan ganuwa, ƙarni bayan ƙarni. A 1984 Aga Khan, shugaban Musulmi 'yan Isma'iliyya, ya zo wani taro kan bunƙasar Alƙahira, ya yi alkawarin yi wa birnin lambu, aka zaɓi wannan juji. Ba a buɗe ba sai 2005, kuma aikin ya ci kimanin dala miliyan 30. An kwashe ƙasa cikin tifa kusan 80,000. Wadda ta rage ma gishiri ya yi mata yawa, ba ta karɓar shuka, sai da aka gyara ta aka zuba mai kyau a kai. Abin da ya fi burge injiniyoyin da nake kaiwa shi ne manyan tankunan ruwan sha guda uku na birnin, waɗanda ke binne ƙarƙashin lambun. Kana tafiya a kansu ba ka sani ba.

Ana cikin haƙa sai ga ganuwar Salahuddin Al-Ayyubi ta ƙarni na 12 ta fito, kusan kilomita ɗaya da rabi, da hasumiyoyinta da ƙofofinta irin Bab al-Barƙiyya da Bab al-Mahruƙ. Sharar da ta binne ta ita ce ta adana ta. A nan Kanawa sukan yi shiru, sannan wani ya ce, "Allah sarki badala." Ni ba na tanka wannan, don in an fara ba a gamawa. Bayan ganuwar unguwar Darb al-Ahmar ce, inda aikin lambun ya haɗa da gyaran tsofaffin gine-gine kamar masallacin Aƙsunƙur. Mai ƙarfin ƙafa nakan sauka da shi can.

Daga kan tudu ina nuna musu dutsen Muƙaɗɗam. Farin dutse ne da ya taru a ƙasan teku kimanin shekara miliyan 40 da suka wuce, lokacin da ruwa ya rufe wannan yanki. Irinsa aka fasa a Tura, kudu da nan, aka lulluɓe dalar Giza da shi. Wani Alhaji ya taɓa kallona ya ce, "Malam, wa ya ƙirga?" Ban yi musu ba. Washegari a gindin dala na ɗora yatsansa kan wasu 'yan kewaye-kewaye a jikin dutsen, masu kama da sulalla, ragowar ƙananan halittun ruwa ne. Ya daɗe yana shafawa, ya ce, "Ikon Allah, teku a hamada."

Sana'ar nan rabinta sanin rana ce. Na taɓa kwasar iyali guda, har da dattijo a keken marasa lafiya, ranar Shammun Nasim, Litinin ɗin da ke bin bikin Ista na Kibɗawa, Kiristocin Misira. Ranar ce kowane Bamisire ke fita lambu da iyalinsa da kifinsa mai gishiri. Ko wurin ajiye mota ba mu samu ba, na mayar musu da kuɗinsu, na yi asarar mai. Haka idan iskar hamsin ta taso da bazara. Ƙura ce kamar ta hunturu, sai dai ita da zafi take zuwa, kuma mai ciwon ƙirji ba na fita da shi ko nawa zai biya.

Lokacina shi ne bayan La'asar. Mu shiga rana ta yi sanyi, mu hau ta hanyar dabinai, mu zauna inda ake hango ganuwar Ƙal'a, tsohuwar fadar sarakunan Misira, da masallacin Muhammad Ali a samanta, ga hasumiyoyin masallatan Sultan Hasan da Rifa'i a ƙasa. Da Magariba ta yi, kiran salla yakan tashi daga masallatai ta kowace kusurwa, wannan na bin wancan. A nan ne kowa ke zaro waya ya kira gida, ya ɗaga ta sama, yana cewa, "Ku ji, ku ji." Direbana ya riga ya sani, sai ya ƙara minti arba'in a kan lokacin da na ce masa za mu fito.