Azurfar Kawu da duwatsun Dabaa

Mahaifiyata ta bar mini awarwaro guda ɗaya na azurfa, wanda ita ma gadonsa ta yi daga tata mahaifiyar, kuma ya daɗe a ƙasan akwati saboda ya tsage ta gefe ɗaya. Da bikin 'yata ya matso, sai na ɗauke shi na nufi Aboabo wurin kawuna, wanda ya tashi a gidan maƙeran farfaru, ya kuma yi fiye da shekara 40 yana zaune a gaban maƙera ɗaya a nan Kumasi.

Na same shi yana jan zuga-zugi, gawayi ya yi ja. Bayan mun gaisa, ya karɓi awarwaron, ya goga shi a kan wani baƙin dutse, sannan ya ƙwanƙwasa shi da awartaki ya kasa kunne. Ya ce, "'Yar nan, wannan liyari ne aka narka, ba azurfar yanzu ba ce." Liyari shi ne kuɗin azurfan nan na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda aka ci gaba da sa masa shekarar 1780 ko da kuwa daga baya aka buga shi, kuma maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe suna narka shi su yi mundaye da zobba. Kakanninmu fataken goro ne da suka biyo hanyar Salaga, don haka ban yi mamakin yadda irin wannan azurfa ta iso gidanmu ba. Azurfar liyari kashi 83 ce cikin 100, ita kuwa wadda Kawu yake aiki da ita yanzu, mai lamba 925, kashi 92.5 ce, sauran jan ƙarfe ne da ake haɗawa domin zallar azurfa ta cika laushi.

Na so a narka shi a yi wa amarya sarƙa, amma Kawu ya ƙi. Ya ce zai like tsagar da sinadari ya bar shi yadda yake, sarƙa kuma zai yi sabuwa da 'yar azurfa kaɗan da duwatsun gilashi. A gaskiya raina bai so ba da farko, domin a ganina gilashi ba abin kai wa ɗakin miji ba ne.

Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne rakiyar da na yi masa zuwa Dabaa, ɗaya daga cikin ƙauyukan Asante da ke kusa da Kumasi inda ake yin waɗannan duwatsu. A can na ga ana tara fasassun kwalabe da gilashin taga, a ware su launi-launi, a wanke, a daka su a turmi har su zama gari, sannan a tankaɗe. Garin nan ake zubawa a cikin ƙananan ramukan da aka yi a jikin faifan yumɓu, bayan an shafe su da farar ƙasa don kada gilashin ya manne. A tsakiyar kowane rami ana kafa ɗan karan ganyen rogo, wanda idan an sa faifan a murhu yake ƙonewa ya bar hudar da zare zai bi. Wannan dabara ta karan rogo ita ta fi tsaya mini a rai, domin duk shekarun da na yi ina ganin jigida da abin wuya a kasuwar Kejetia, ban taɓa tambayar kaina yadda aka huda su ba. Shi kansa murhun da ƙasar suri ake gina shi saboda tana jure wuta, kuma bayan duwatsun sun huce sai a murza su da yashi da ruwa a kan dutse har su yi santsi. Mutanen Krobo na Odumase da Somanya su ne suka fi shahara da wannan sana'a, kuma duk ranar Alhamis ana cin kasuwar duwatsu a Koforidua.

Kawu ya fara haɗa gilashi da azurfa ne lokacin da azurfa ta yi tsada, kayan kanti masu ruwan azurfa kuma suka cika kasuwa da araha. Yana jan wayar azurfa da hannunsa ta cikin hudojin ƙarfe, daga babba zuwa ƙarami, yana mayar da ita wuta lokaci-lokaci don ta yi laushi kada ta tsinke, sannan ya yi wa kowane dutse 'yar hula ta azurfa a baki biyu. Abin da ke damuna shi ne yadda mai saye zai ɗauki aikin kwana huɗu ya taya shi da kuɗin na kanti, da kuma yadda yaran da ya koya wa suka watse, saura ɗaya kawai.

Ranar da na je karɓa, ya tsoma sarƙar a ruwan tsamiya, ya goge ta da tsumma, korayen duwatsu 21 suka fito a tsakanin farar azurfa. Ya miƙo mini awarwaron ya ce, "Nemo inda na like." Na jujjuya shi a hasken ƙofa har sau uku ban gani ba, sai da ya kama yatsana ya ɗora a wurin.