Labarin soyayyar da mai karatu ke zaɓa wa hanya

Duk wanda ya taɓa rubuta labarin soyayya yana turawa shafi-shafi a rukunin WhatsApp ya san rigimar masu karatu. Waɗannan su ce a ba yarinya wane, waɗancan su ce in ba a ba ta ɗayan ba sun daina karantawa. Gardamar nan ce ta sa na shiga koyon wani irin wasan kwamfuta da ya samo asali daga Japan. Labari ne ake karantawa, ga hoton mutane, ga na wuri, ga ɗan kiɗa ƙasa-ƙasa, sai a zo mararraba a tsaya, mai karatu ya zaɓi abin da yarinya za ta ce ko za ta yi, labarin ya bi ta nan.

Ren'Py nake aiki da ita. Manhaja ce ta kyauta, tun 2004 take, Tom Rothamel ya gina ta a kan Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, amma ba sai ka iya Python kafin ka fara ba. Tsohuwar kwamfutar yayana ma tana ɗaukar ta ba gardama. Umarni kaɗan ne ke riƙe da kusan komai: scene ya kawo wuri, show ya fito da mutum, menu ya jera zaɓi, jump ya tsallaka da kai wani sashe. Inda take da tsanani shi ne tazarar farkon layi. Gurbi huɗu ake bari, in ka danna maɓallin Tab a madadinsu sai ta ƙi tashi.

Mu masu rubutu da Hausa akwai abin da za mu kula da shi tun da wuri. Salon haruffan da manhajar ke zuwa da shi, DejaVu Sans, yana da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Da yawa daga cikin masu ƙyalƙyali da mutum zai so ya sa wa labarin soyayya ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma. Ni yanzu kafin in ɗauki kowane salo sai na buga masa ƙofa, ɗaki, ɓera, ƴar'uwa, manya da ƙanana, in duba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni barci shi ne zaɓin kansa. Darussan da na kalla a YouTube yawanci lissafi ɗaya suke koyarwa: a buɗe ma'auni na so, ka faɗi magana mai daɗi maki ya ƙaru, ka ba da kyauta ya ƙaru, wanda ya fi maki shi ne mijin. To a Maraɗi ba haka ake neman aure ba. Yarinyar labarina tela ce a unguwar Zariya. Masu nemanta biyu: ɗan gwaggonta mai fataucin kaya tsakanin nan da Jibiya, da wani ɗalibin aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo wanda bai da komai tukuna. Sai na buɗe ma'auni biyu, ɗaya amanar saurayi, ɗaya yardar gida, kuma na tsara yadda abin da ya ɗaga wannan sau da yawa zai taɓa wancan.

Ga misali. Bayan isha'i ne, suna zance a zaure, ƙanenta na zaune gefe yana wasa da tocila. Ɗalibin ya fara faɗin abin da ya daɗe yana ɓoyewa, sai Inna ta ƙwala kira daga cikin gida. Ta miƙe nan take? Ta tura ƙanen ya ce tana zuwa? Ko ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ba ta tashi ba, ba ta amsa ba? Na ukun nan na fi so, don a wurinmu shirun budurwa magana ce, kuma dole wasan ya ƙidaya shi. Shi ya sa ma da nake zana fuskokinta a manhajar zane ta Krita, ban tsaya ga murmushi da fushi da kuka ba. Na zana mata kunya, ido a ƙasa, gefen mayafi a baki, na kuma zana mata harara.

Sai dai a yi hattara da rassa. Zaɓi mai hanya biyu, in kowace hanya ta tafi abinta, sau 10 kawai ya haifi hanyoyi 1024, ba mai iya rubuta su. Dabarar ita ce rassan su rabu kaɗan su sake haɗuwa, ma'aunan su riƙe abin da ya faru, sai can gaba abin ya fito a bakin Inna ko a irin gaisuwar da saurayi zai yi. Ƙarshe uku na tsara, kuma a ɗaya ba ta auri kowa ba.

Hotunan wuri da wayata nake ɗauka da sassafe kafin mutane su cika: layin teloli, bakin babbar kasuwa, gonakin gefen Gulbi. In shagon wani ne sai na nemi izini. Daga nan in bi hoton da fenti har ya dace da zanen mutanen.

Gwaggona ce ta fara gwadawa, ina karanta mata tana zaɓa. Da ta ga inda hanyarta ta ɓulle, cewa ta yi: "Ɗiyata, mayar da ni zauren nan, in ga abin da zai faru in ta tura yaron." Ren'Py kuwa tana da wannan, ana iya komawa baya layi-layi a sake zaɓi.

Abin da ke gabana yanzu shi ne fitar da shi don Android, tunda masu karatuna a waya suke, ba a kwamfuta ba. Wannan na buƙatar sauke manhajar Java da kayan aikin Android, masu cin data sosai, don haka sai na tara kuɗi na sayi mai yawa lokaci guda. In ya fito zan ɗora shi a itch.io, inda masu ƙananan wasanni ke sa nasu, in kuma rage nauyin hotunan yadda za a iya tura shi daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba.