Manhajar da bata san gara ba

Masu lissafin kabon ɗin da ƙasar noma ke riƙewa yawanci manhajar kwamfuta ta RothC suke ɗauka ko ta Century, ni kuma gaskiya in naga sakamakonsu akan ƙasashe masu zafi sai na ɗan ja baya. RothC a Rothamsted ta Ingila aka gina ta, wajen da suke da gonar gwaji tun 1843, Century kuma daga Kolorado ta Amurka. Duk wurare ne masu sanyi fa.

Aikin RothC ba wuya, zaka bata ruwan sama da zafi na kowane wata, yawan yumɓu, ko ƙasar a rufe take da shuka ko a tsirara, da yawan kara da takin da ke komawa gona, sai ta raba kabon gida biyar, wani ya ruɓe cikin watanni wani ya shekara aru-aru wani ma baya motsi, ta gaya maka abinda zai rage nan da shekara 20.

To amma yawan yumɓu kawai take tambaya, bata tambayar irinsa. Jar ƙasar wurare masu zafi yumɓunta kawolinait ne wanda riƙonsa rauni ne dashi, tsatsar ƙarfe da alminiyom ke damƙe kabon ɗin, su kuma ba gurbinsu a lissafin. Ga gara, ka bar kara a gona da rani manhaja tana lissafin yana nan yana jiran damina alhali gara ta kwashe ta kai shuri, ragowar kuma dabbobi sun cinye. Ga zafi, ƙarin digiri 10 kusan ninka saurin ruɓewa yake.

Batun noma ba huɗa shi yafi damuna. Kabon na taruwa ne a sama sama, in ka auna santimita 30 kawai kamar yadda aka saba sai kaga riba, kayi zurfi sai ribar ta ragu sosai. Shi yasa burin "4 cikin 1000" da aka ƙaddamar a Paris a 2015, wato ƙara kabon ƙasa da kashi 4 cikin 1000 duk shekara, nake ganin da wuya ya cika a jigawa mai zafi.

Ban ce a watsar da manhajojin ba, FAO ma, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, RothC tasa aka yi taswirar duniya ta kabon da ƙasa zata iya riƙewa da ita. A fara gwada su dai da awon gonakin gwaji na yankin, waɗanda suka daɗe, kafin a sayar wa wani kamfani mai son biyan diyyar hayaƙin da yake fitarwa kabon ɗin da ba'a tona an gani ba.