Kafin maniyyata su bar Mando, a nuna musu bel ɗin jirgi

Ina roƙon malaman da ke yi wa maniyyata bita su ware ko da minti goma su nuna musu bel ɗin kujerar jirgi, kowa ya riƙe da hannunsa ya ɗaura ya kwance. Da yawa daga cikin tsofaffinmu da ke kwana a sansanin alhazai na Mando a Kaduna ba su taɓa shiga jirgi ba.

Bel ɗin jirgi ba irin na mota ba ne. Na mota dannawa ake yi, shi kuwa wannan murfin ƙarfen ake ɗagawa. Na ga Inna tana ta danna shi da babban yatsa bayan mun sauka, har gumi ya karyo mata. Na ce, "Inna, ɗaga marfin za ki yi sama." To a lokacin lafiya ke nan. Ina ga an ce kowa ya fita da gaggawa?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke kwance shi da zarar fitilar da ke nuna a ɗaura bel ta mutu. Akwai gargadar iska da ke zuwa sararin sama tangaran, babu hadari, na'urar matuƙi ma ba ta hango ta. Ko wadda ake tsammani, ba ta ba mutum lokaci. Ranar 21 ga Mayu, 2024, jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa cikin gargada a saman Myanmar, ya yi ƙasa da kusan mita 54 cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Waɗanda ba su ɗaura ba suka tashi sama, kawunansu suka bugi rufin jirgin. Wani dattijo mai shekara 73 ya rasu, aka sauka a Bangkok da gomman masu rauni, wasu a ƙashin baya.

A ɗaura shi ƙasa a kan ƙugu, ba a kan ciki ba, a ja igiyar ta kama jiki. Mai babbar riga ko dogon hijabi ko bargo ya ɗaura ta sama, don ma'aikaciya ta gani ba sai ta tashe shi daga barci ba. Mai jiki kuma kada ya ji kunya, akwai ƙarin bel da ake jonawa, tambaya kawai zai yi a ba shi.